In Ruwan Pampo Ya Rage Ƙarfi

Yau maganar ruwan pampo za mu yi.

Kowa ya san wannan abu. Ka buɗe pampo, ruwa ya riƙa zuwa siriri kamar zare. Bokiti guda sai ya yi rabin awa bai cika ba. Yara za su tafi lakwal, ba su yi wanka ba. Uwargida tana jiran ruwan girki. Ga shi kuma ƙarshen wata takardar kuɗin ruwa ba ta fasa zuwa.

A nan mutane suke rabuwa kashi uku. Wani ya zauna yana ta faɗa da kamfanin ruwa a bakinsa. Wani ya kira mai gyaran pampo, a tone masa tsakar gida, a ce ya sayo wannan ya sayo wancan. Wani kuma ya ci bashi ya sayi injin jan ruwa. Sau da yawa duk su ukun ba su san inda ciwon yake ba.

Ni malamin yaƙi da jahilci ne a Damagaram, garin da kowa ya san shi da wahalar ruwa. Abin da zan faɗa maka, na koye shi wajen masu aikin pampo, da cikin gidana, da gidajen ɗalibaina. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. In ruwa ya rage ƙarfi, dalilin yana ɗayan wuri biyu: ko a waje, ko cikin gidanka. Kontar, wato abin nan mai lambobi da ke auna ruwa a bakin gida, shi ne iyaka tsakaninsu. Kada ka fitar da ko dala sai ka san ta wane gefe matsalar take. Kayan binciken kuwa kana da su: ido, bokiti, agogo, da karatun lambobi da ka koya a aji.

Daga ina ƙarfin ruwa yake zuwa?

Samu tsohon bido, ka huda shi wuri uku: sama, tsakiya da ƙasa. Ka cika shi da ruwa, ka duba. Ruwan hujin ƙasa ya fi fitowa da ƙarfi, na sama kuwa sai ya riƙa bin jikin bido. Dalili shi ne nauyin ruwan da ke bisa yana danne na ƙasa.

Haka shato yake aiki. Injuna suna tura ruwa can sama cikin shato, sa'an nan nauyinsa ya gangaro da shi cikin tiyo har gidanka. Masu aikin ruwa suna auna wannan ƙarfi da ma'auni mai suna bar. Duk metir 10 na tsawo yana ba da wajen bar 1. In ruwan shato ya ɗara pamponka da metir 20, to ƙarfin da za ka samu ba zai wuce bar 2 ba. Maƙwabcinka da ke kan tudu, wanda gidansa ya fi naka tsawo da metir 10, rabin wannan zai samu. Shi ya sa unguwannin tudu suke fara rasa ruwa, na kwari kuwa su ne na ƙarshe. Shi ya sa kuma mai gidan bene yake samun ruwa a ƙasa, sama babu.

Lokaci ma yana da nasa. Da safe, daga asuba zuwa hantsi, kowa ya buɗe pamponsa. Tiyo ɗaya ne ake rabawa, kowa ya samu kaɗan. Tsakar dare kuwa gari ya yi barci, shato ya cika, ruwa ya zo da ƙarfinsa. A bazara, watannin Maris, Afrilu da Mayu, mutane da dabbobi sun fi shan ruwa. In wutar lantarki ta ɗauke ta daɗe, injunan da ke cika shato za su iya tsayawa.

Kowane gari da inda yake samun ruwansa. Yamai daga kogi take sha, ana tace ruwan a Gudel da Yantala. Maraɗi da Tawa rijiyoyin foraj suke dogara da su. Mu a Damagaram gari yana zaune kan dutse ne, ruwan ƙasa kaɗan ne. Daga nesa ake jawo mana shi, daga Gogo da Macaya, da Arunguza, da Ganaram. Abin ya daɗe. Damagaram ce babban birnin ƙasa har shekarar 1926, kuma ƙarancin ruwa yana cikin dalilan da suka sa aka mayar da shi Yamai. Irin wannan ba abin da za ka gyara da hannunka ba ne. Amma sanin sa zai hana wani ya karɓi kuɗinka a kan gyaran da ba ka buƙata.

Fara da tambayar maƙwabta

Matambayi ba ya ɓata. Kafin ka taɓa komi, leƙa gidan dama da na hagu, da wanda ke kallon naka. Ka tambaye su yadda ruwansu yake zuwa a wannan lokacin. In kowa kuka yake, matsalar daga waje take. In kuwa nasu yana zuba da ƙarfi, naka ne kaɗai ya yi rauni, to ka dawo gida da bincike.

Kada ka tsaya ga ido kawai. Ɗauki bokiti mai lita 20, ka buɗe pampo duka, ka duba agogo. Pampo mai lafiya yana cika shi cikin minti 2 ko kusa da haka. Ka gwada da safe, da azahar, da dare. Ka rubuta cikin littafinka: rana kaza, ƙarfe kaza, minti kaza. Ka roƙi maƙwabcinka ka gwada nasa da bokitin nan naka. Bayan kwana uku rubutun zai yi maka magana. In da dare minti 2 ne, da safe minti 15, tiyon gidanka lafiya lau yake, yawan masu ɗiba ne. In kuwa dare da rana duk minti 15 ne, na maƙwabci yana minti 2, akwai abin da ya tare hanya a wajenka.

Pampo ɗaya ne, ko duka?

In gidanka yana da pampo fiye da ɗaya, bi su ɗaya bayan ɗaya.

In guda ne kawai ya yi rauni, ka yi murna, abin ƙarami ne. Wasu kawunan pampo suna da ƴar rariya a baki. Yashi da tsatsa suna taruwa a ciki. Kwance ta, ka wanke da tsohon buroshin haƙori, ka mayar. Kan shawa ma ƙananan hujojinsa suna toshewa da wani farin abu mai kama da gishiri. Jiƙa shi cikin ruwan lemun tsami ko binegar ya kwana, da safe ka soke hujojin da allura. Wani lokaci kuma ƴar robar da ke cikin kan pampo ce ta tsufa ta kumbura. Ana sayar da ita a kantin kayan pampo, ba ta da tsada. Amma ka rufe babban makullin ruwa kafin ka kwance kan pampo, don kada ka yi wa kanka wanka ba shiri.

In kuwa duk pampunan gida ne, je wurin kontar. Kusa da shi akwai makullin da ke rufe ruwan gida baki ɗaya. Mai hannu dogo, in hannun ya bi tsawon tiyo a buɗe yake, in ya gitta a rufe yake. Mai kan zagaye kuwa, ka murɗa shi hagu har ya tsaya. Kada ka raina wannan. Wani maƙwabcina ya yi sati biyu yana sayen ruwa wajen ƴan garuwa, alhali gidajen layin duk suna samu. Har ya yi ciniki da mai gyara za a canza masa tiyo. Na ce masa: "Yaya, kafin a fara tono, mu je mu dubi makulli." Muka tarar da hannun a karkace, rabi buɗe rabi rufe. Ashe yara ne suke wasa da shi. Ya miƙe hannun, ruwa ya dawo nan take.

Kontar ba ya ɓoye maka komi

Yanzu ga inda karatunka zai yi maka rana. Buɗe murfin kontar, ka share ƙurar gilashin. Za ka ga lambobi baƙaƙe da jajaye. Baƙaƙen suna ƙidaya metir kib, su ne ake rubutawa cikin takardar kuɗin ruwa. Jajayen suna ƙidaya litoci. Metir kib 1 lita 1000 ne, wato tano 5 masu lita 200, ko bido 40 masu lita 25. Yawancin kontar suna da wani ɗan abu mai kama da tauraro, wanda yake juyawa in ruwa yana wucewa.

Rufe duk pampunan gida, ka ce kada kowa ya taɓa. Ka tsaya ka zuba wa tauraron nan ido. In yana juyawa, ko da a hankali, ruwa yana fita ta wani wuri da ba ka sani ba. In ba ka tabbata ba, yi gwajin dare. Zaɓi daren da akwai ruwa. Rubuta lambobin duka, baƙi da ja, kafin ka kwanta. Da asuba kafin kowa ya buɗe pampo ka sake rubutawa. In sun bambanta, tiyonka yana yoyo.

Wata dattijuwa cikin ɗalibaina ta zo aji da takardunta na ruwa guda uku. Wata shida ke nan da ta fara gane lambobi. Ta ce: "Malam, duba mini. Nan 8 na gani, nan 9, nan kuma 21. Mu ne dai mu bakwai a gidan, ba baƙi ba biki. Ga shi pampon bayan gida da ƙyar yake ɗiga." Na ce: "Inna, kin karanta daidai. Yau ki rubuta lambobin kontar ƙarfe 10 na dare, ki sake rubutawa ƙarfe 6 na safe." Washegari ta kawo. Muka yi lissafin a allo tare da ƴan aji: lita 130 sun wuce cikin awa 8, kowa yana barci. A yini da kwana lita 390 ke nan. A wata kusan metir kib 12. Ga bambancin 9 da 21 ya fito fili.

Ɗanta ya bi hanyar tiyo yana duba ƙasa. Ya ga wani wuri mai damshi kusa da ƙofa, inda ciyawa ta tsiro ana tsakiyar rani. Nan amalanke yake wucewa da itace. Tiyon ba a binne shi da zurfi ba, ƙafar amalanke ta lotsa shi ta tsaga shi. Lotsewar ce ta rage ƙarfin ruwa, tsagewar kuma ta ci kuɗi. Guntun tiyo da mahaɗi biyu aka saya, aka ƙara zurfin rami, magana ta ƙare.

To haka za ka nemi yoyo: ƙasa mai damshi, ciyawa a rani, gindin bango da ya jiƙe, ko tururuwa da suka taru wuri ɗaya. Duba kusa da itatuwa, don saiwa tana matse tiyo. In kana da makewayi na zamani, saurari tankinsa da dare, sau da yawa shi ne ɓarawon. Pampo mai ɗiga ma kada ka ƙyale shi. Tara masa kwalba mai lita 1. In ta cika cikin awa guda, lita 24 ke nan a rana, lita 720 a wata. Ka tuna kuma kuɗin ruwa hawa-hawa ne. Metir kib na farko-farko suna da sauƙi, in ka wuce su farashin kowane ɗaya yana ƙaruwa.

Tsohon tiyo da siririn tiyo

In makulli a buɗe yake, babu yoyo, maƙwabta suna samu, kai ba ka samu, to ka tambayi shekarun tiyonka. Tsofaffin gidaje da tiyon ƙarfe aka yi musu aiki. Da daɗewa tsatsa tana cika cikinsa, hanyar ruwa ta tsuke. Alamarsa ita ce jan ruwa da safe, da ƙarfin da ke raguwa shekara bayan shekara. In faɗin ramin ya ragu da rabi, hanyar da ta rage kashi ɗaya ce cikin huɗu. Wannan ba ya wankuwa, sai canji.

Wani kuma tun farko siririn tiyo aka sa masa, aka ja shi nesa, aka yi ta lanƙwasa shi, aka rataya masa pampo huɗu ko biyar. Duk tsawo da duk kwana suna cin ƙarfin ruwa. A kanti za ka ji ana cewa 15/21 ko 20/27. Lambar farko faɗin cikin tiyo ce da milimetir. In za ka sake aiki, sa mai faɗi daga kontar zuwa tsakar gida, sa'an nan ƙanana su rabu zuwa kowane pampo. A nan ne kiran mai gyara yake da amfani. Kuma yanzu za ka iya gaya masa abin da ka gani, ka nuna masa rubutunka, ku yi ciniki ido a buɗe.

Abin da ba naka ba

Daga kontar zuwa cikin gida, gyara naka ne. Kontar ɗin kansa da tiyon da ya fito daga titi, aikin kamfanin ruwa ne. Sunan kamfanin ya sha canzawa. SNE ne daga 1987. A 2001 aka raba aikin tsakanin SPEN da SEEN. A 2024 NDE ta karɓi aikin da SEEN take yi. Iyakar dai tana nan inda take.

A bakin kontar akwai ƴar rariya da ke tare yashi, ita ma tana iya toshewa. Amma akwai hatimi jikin kontar. Kada ka cire shi, kada ka yarda wani ya cire maka, tara za ka jawo wa kanka. Ɗauki takardar kuɗin ruwa, lambarka tana jiki, ka je ofishinsu ka faɗa. In ka ga ruwa yana ɓulɓulowa a titi, shi ma ka kai labari, don ƙarfin ruwan layinku ne yake tsiyayewa. In matsalar ta dukan unguwa ce, ku haɗu ku rubuta takarda ɗaya. Ku sa ranaku da lokuta da mintocin bokiti, kowa ya sa hannu, ku tafi tare da mai unguwa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Abu uku da nake roƙonka ka bari

Na farko, kada ka haɗa injin jan ruwa kai tsaye da tiyon titi. Injin ba ya ƙara ruwa cikin tiyo. Rabon maƙwabtanka yake zuƙewa ya kawo maka. Na ga gidaje biyu da suka yi shekara ba sa gaisawa a kan haka.

Na biyu, kada ka bar bakin tiyon roba a nutse cikin tano ko kwatarniya. In ruwa ya ɗauke, tiyo yana zuƙar abin da ke bakinsa ya koma da shi ciki. Rataye shi sama da ruwan.

Na uku, ramin nan da ake tonawa a gindin pampo don a tari ruwa daga ƙasa. Gaskiya ne ruwa ya fi saurin fitowa a can. Amma da damina ruwan titi da na kwata suna cika ramin, bakin tiyo ya nutse a ciki. In dole ne sai ka yi shi, ka gina shi da siminti, ka ɗaga bakinsa, ka yi masa murfi.

Dalilin wannan roƙo lafiyar iyalinka ce. Tiyon da ke cike da ruwa mai ƙarfi, in ya tsage, ruwa ne yake fita. Tiyon da ya zama wayam, in ya tsage, ƙazanta ce take shiga. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Ta gurɓataccen ruwa zawo da kwalara suke yaɗuwa, kuma ba mu manta da kwalarar da ta shiga jihar Maraɗi a 2018 ba, da wadda ta bazu jihohi da yawa a 2021. Saboda haka in ruwa ya dawo bayan ya ɗauke, za ka ji pampo yana tari yana fitar da iska, ruwan farko ya zo ja ko da laka. Tara shi don ban ruwan itace ko yayyafin tsakar gida. Sai ya washe za ka cika randa. In kana shakka, tafasa na sha, ko ka sa ƙwayar Aquatabs yadda aka rubuta a jikin takardarta. Yanzu ai kana iya karantawa.

In unguwarku ta masu ruwan dare ce

Akwai unguwannin da ruwa ba ya isa sai tsakar dare, kuma ba yau za a gyara ba. Mata da yara su ne suke raba dare suna jiran pampo. Wasu kuma suna barin pampo a buɗe su kwanta, ruwa ya zo ya malale gida, kontar yana ta ƙirga.

Maganin da ya fi shi ne wurin ajiya. Mai hali ya sa tanki, da makulli mai ƙwallo wanda yake rufe kansa in tanki ya cika. In an ɗora tankin bisa gini mai metir 3, ruwa zai gangaro pampo da kansa, ko da yake ba da ƙarfi sosai ba. Mai son inji ya sa shi bayan tanki, ya ja daga ruwan da ya riga ya shigo gidansa. Wanda bai da halin tanki ya samu tano mai murfi. Ko wanne ne, a rufe shi saboda sauro da ƙura, a riƙa wanke shi.

Ga aikin gida na wannan sati. Je ka buɗe murfin kontar ɗinku, ka rubuta lambobin yau cikin littafinka. Ka sake rubutawa bayan kwana bakwai, ka ɗebe na farko daga na biyu. Ka zo da amsar aji, mu ga lita nawa gidanku yake sha. Wanda bai da pampo a gida ya yi wa maƙwabcinsa. Allah ya ba mu ruwa mai albarka, ya ƙara mana fahimta.